Kason Anti

Aikina rubuta manhaja, ta waya da ta kwamfuta. Na daɗe ina yi, kuma abin da na fahimta shi ne mutum iri biyu ne ke taɓa abin da na rubuta: wanda yake so ya ga ya yi aiki, da kuma Anti.

Ofishinmu a saman bene yake, a ƙasanmu akwai shagon tayoyi, shi ya sa duk baƙon da ya hawo matattakalarmu yake isowa yana warin roba. Ɗaki ne guda dogo, da fanka mai ƙara, da tebura huɗu, sai wani ɗan akurkin gilashi da Oga yake zama a ciki yana leƙenmu. Mu uku ne masu rubutu: ni, da Dogo, da wani da muke kira Sarkin Barci, don ba a taɓa ganin ya shigo kafin shayi ya huce ba. Ni kuma Tsoho suke ce mini, saboda furfurar da aikin nan ya ba ni kyauta. Tebur na huɗu, na kusa da taga, na mai gwaji ne. Ita ce Anti. Na girme ta, amma Anti nake ce mata kamar kowa, don wadda za ta iya dawo maka da aikin sati biyu da layi ɗaya ba a kiran ta gatsal.

Cikakken sunanta a bayan idonta Anti Idan-Fa, saboda da haka take buɗe baki. Dokar ofis kuwa ita ce ba abin da zai fita zuwa wurin kwastoma sai ta gwada ta sa hannu. In kuma aka taɓa ko harafi ɗaya bayan ta sa, hannun ya tashi aiki, sai an sake kai mata.

Wanda bai taɓa rubuta manhaja ba ba zai san zafin abin ba. Ka gina gida, ka yi fenti, ka sa ƙofa mai kyau, ka kira mutum ya zo ya gani. Sai ya ƙi bin ƙofar, ya zagaya baya, ya cusa kansa ta tagar banɗaki, ya maƙale, sannan ya rubuta rahoto cewa gidanka yana kama mutane. Wannan shi ne aikin Anti, kuma biyan ta ake yi.

"Idan fa mutum ya danna, netwok ya ɗauke, ya sake dannawa, sai aka kira shi a tsakiya?"

"Anti, wa zai yi haka?"

"Surukata. Jiya ta yi."

Surukar nan tata ta fi kowane kwastoma wahalar da mu, kuma ba mu taɓa ganin ta ba.

Karatunmu ɗaya da Anti. Makarantar da Dogo ya yi ita ta yi, kuma da farko ita ma rubutu take yi kamar mu. Ta ce ta bari ne don ta gaji da yi wa kanta ƙarya kullum da yamma cewa ta gama. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne. Ta ce in ya gama gyara sai ya kife rediyon, ya girgiza shi, ya zabga masa mari, in bai yi shiru ba sannan ya miƙa wa mai shi. A cikin sana'ar uban, marin kawai ta gada. Aljihun teburinta cike yake da tsofaffin wayoyin dangi: mai fasasshiyar fuska, mai batirin da ya kumbura, wadda agogonta ya tsaya a wata shekara da aka manta. Mu a sabbin wayoyi muke duba aikinmu, ya yi ta sheƙi. Ita sai ta jawo ɗaya daga cikin gawawwakin nan, ta busa mata rai, ta ɗora mata aikinka.

Mijinta malamin makaranta ne, shi ke zuwa ɗaukar ta a babur. Wata rana na same shi a shagon tayoyi yana jira, na ce masa sai haƙuri da mu, mun riƙe ta. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ku ai kuna hutawa Asabar da Lahadi. Ni fa?" Ya ce ya taɓa sayo sabon kwaɗo, yana cikin yabon mai shagon ta buɗe shi da makullin tsohon. Autarsu kuwa ta daina cewa cikinta na ciwo ranar Litinin, don ba ta iya amsa tambayoyin da ke biyo baya.

To ga yadda muka samo wa kanmu sauƙi. Dogo ne ya lura cewa Anti ba ta sakin aiki sai ta kama wani abu. In ta samu a sama-sama, takan dawo da shi, ka gyara, ta ƙara 'yan dube-dube, ta sa hannu. In kuwa ba ta samu komai a sama ba, sai ta ɗaura ɗamara ta yi ta haƙa har ta kai tushe, kuma tushen kowace manhaja ba wurin da ake kai baƙo ba ne. Saboda haka muka fara ajiye mata ɗan kuskure da gangan, ƙarami, a inda za ta yi tuntuɓe da shi, wanda gyaransa ba ya kai shan ruwa. Kowa a sashensa yake ajiye nasa, ba ya ma gaya wa ɗan'uwansa. Muka sa masa suna kason Anti. Ko yana rage haƙar ko ba ya ragewa, ban taɓa aunawa ba. Mun dai yarda da shi, har hannu ya saba. Ka gama rubutu, ka ajiye kaso, ka miƙa.

Sai muka samu aikin wani asibitin mata da yara. Manhaja suke so wadda nas za ta yi wa jariri rajista a waya, ita kuma ta riƙa tura wa uwa saƙon tuni in ranar rigakafi ta zo. Sun koka cewa nas-nas kan yi wa yaro ɗaya rajista sau biyu, don haka na sa shinge: in uwa ɗaya ce, ranar haihuwa ɗaya, manhaja ta ƙi karɓar na biyu. Na ji daɗin shingen nan. Na ma nuna wa Dogo.

Anti ta zo ta tsaya a kaina da wayar surukarta.

"Malam Tsoho, idan fa tagwaye ne?"

Wannan ba kaso ba ne. Nawa ne na kaina.

"Nas ta sa na biyun a washegari," in ji ni.

"Wato mu koya wa asibiti ƙarya tun ranar haihuwa."

"Kwana ɗaya ne, Anti."

"Idan fa uku ne? Na ukun jibi za a haife shi?"

A gaskiya gyaran aikin wuni ɗaya ne. Amma wunin nawa ne, kuma ranar Alhamis za a miƙa aiki. Na ce ya taɓa tushe, a bari sai zagaye na biyu. Ta ce ba za ta sa hannu ba. Magana ta kai akurkin gilashi.

Oga mutum ne mai son launin kore. A 'yan watannin nan ya samo wata manhajar gwaji mai aiki da kanta, wadda take bin aikinmu ta nuna kore in lafiya, ja in da matsala. Tun da ya same ta yake kallon teburin taga kamar mai lissafin inda zai sa firji. Ya fito ya tsaya a tsakiyar ɗaki don kowa ya ji.

"Anti, ga shi nan kore daga sama har ƙasa. Tagwaye nawa ake haifa a asibitin nan?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Na dai san ana haifa."

"To ki ji. In Alhamis ta yi ba hannunki, zan aika haka. In kuma na aika sau ɗaya ba hannunki duniya ba ta tashi ba, ban ga dalilin ajiye teburin nan ba. Kin gane?"

"Na gane."

Ba wanda ya ɗaga kai a cikinmu. Dogo ya yi ta kallon allonsa kamar an saukar masa da wahayi. Ni ma na duƙufa a kan nawa allon. Na gaji, kuma in faɗi gaskiya wani sashe na zuciyata har ya fara hango ofis ba Idan-Fa, shiru kamar bakin rafi.

Ranar Laraba muka haɗa aikin ƙarshe muka miƙa mata. Sarkin Barci ya miƙa nasa ya kama hanyar ƙauyensu kai mahaifiyarsa gida. Na gyara zama ina jiran ruwan rahoto. Kafin azahar sai ga saƙonta ya shigo: "Ya yi." Ga hannu a ƙasa. Ba ta ko buɗe aljihun gawawwaki ba. Ta ɗauki jakarta da wuri, ta ce kanta na ciwo. Oga ya fito yana murmushi, ya ce kun gani, in ana so ana iyawa.

Alhamis da safe ina hawa matattakala Dogo ya tare ni a kwana, ya rage murya.

"Tsoho, ta kama naka?"

"Wane nawa?"

"Kaso."

Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Nawa yana nan daram: gurbin ranar haihuwa yana karɓar shekara mai zuwa.

"Naka fa?"

"In ka danna koma baya, sunan uwa yana gogewa."

"Na Sarkin Barci?"

Dogo ya ɗaga wayarsa ya nuna mini. Ya kira har ya gaji, muryar matar nan ta kamfanin waya ce kawai ke ba shi haƙuri. Ƙauyen su Sarkin Barci sai an hau tudu ake samun waya, shi kuwa ba mai hawa tudu ba ne.

Muka buɗe sashensa muka hau nema. Sarkin Barci yana rubutu ne kamar mai share ɗaki yana tura dattin ƙarƙashin tabarma. Ko'ina ka ɗaga sai ka ga abin da ya yi kama da kuskuren ganganci, ka duba da kyau ka ga iyakar iyawarsa ke nan. Ba mu samu ba. Kuma ko namu biyun muka cire, mun taɓa aiki, hannun Anti ya tashi. Oga kuwa ya sha sabon ɗinki, bayan azahar zai tafi asibiti ya miƙa.

"Kai ne babba," in ji Dogo.

Girma bai taɓa tuna ni ba sai in za a shiga wuta.

Na same ta a kusurwar da muke ajiye butar shayi, tana juya cokali a kofi.

"Anti, akwai magana."

"Na sa hannu, Malam Tsoho. Me kuma ya rage?"

Na gaya mata. Ban iya kwana-kwana ba, don haka na faɗe shi tsirara: muna ajiye mata kuskure, muna ce masa kason Anti, ga dalili, ga nawa, ga na Dogo, na ukun ya ɓace mana. Cokalin ya tsaya.

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima."

"Kafin in haifi autata ko bayan?"

"Kafin."

"Har suna kuka sa masa."

"Dogo ne ya sa."

"Ni sau ɗaya na ce a gwada," in ji Dogo daga bayana, inda ya laɓe.

"Wato ni kaza ce. Ku watsa mini tsaba a tsakar gida don kada in shiga rumbu."

Na zaci za ta ɗaga murya, na ma shirya. Ba ta ɗaga ba. Ta ajiye kofin a hankali, ta goge hannunta da gefen mayafi.

"Bari in ga ko na fahimta. In na yi shiru, ya tafi da hannuna a kai, asibiti su ga shirmenku, ni za a kora. In na janye hannu, an makara, ni za a kora. Kun yi ƙoƙari, wallahi. Wannan ko ni ban taɓa hango shi ba, kuma hango irinsa ne aikina."

Ta wuce mu ta nufi akurkin gilashi. Na ɗauki kwamfutata na bi ta, ba don na san abin da zan yi ba.

Oga yana fesa turare.

"Yallaɓai, na janye hannuna."

"Kin me?"

"Ban gwada ba. Na sa ne kawai don ka ce in sa. Ba zan bar shi a kan abin da ban gwada ba."

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Na jira ta ambata, ta ƙi. Wannan ya fi zagi ciwo.

Oga ya ajiye turaren. Ya ce ya yi haƙuri da ita iyakar haƙuri, ya ce kamfani ba gidan gado ba ne, ya ce ta ga mai kula da takardun ma'aikata a ƙarshen wata ta karɓi takardar sallama. Yana da jawabi mai tsawo a kan wannan, da alama ya daɗe yana bitar sa a mota.

Ni ban iya jawabi ba. Na ɗora kwamfutar a kan teburinsa, na juya ta gare shi, na buɗe manhajar, na yi wa wani jariri rajista, na sa za a haife shi baɗi. Manhajar ta karɓa, har ta yi masa barka da zuwa. Na danna koma baya, sunan uwarsa ya ɓace. Yaro ba a haife shi ba, ya riga ya zama maraya.

"Mene ne wannan?"

"Nawa ne na farkon. Da gangan na sa. Na biyun na Dogo ne. Sarkin Barci ma ya sa nasa, ba mu san inda yake ba, shi ma ba mu san inda yake ba."

Na yi masa bayanin kaso a taƙaice. Ya dube ni, ya dubi Dogo ta gilashi, wanda a lokacin ya gano cewa igiyar takalminsa na bukatar kulawa. Sannan ya juya ga allonsa.

"Amma wannan ta nuna kore."

"Mu muke gaya mata inda za ta duba, Oga."

Ya zauna. Na ga yana lissafi a ka, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Ana iya korar mai gwaji ɗaya a tsakiyar kwangila. Ba a korar duka masu rubutu uku, ko da sun cancanta, kuma mun cancanta. Ga kuma wani abu a binne cikin aikin da zai kai wa mutane da hannunsa, sanye da sabon ɗinki, kuma mutum ɗaya ce a ginin nan ke iya tono shi.

"Anti," in ji shi, da wata murya da ban san yana da ita ba, "za ki iya nemo shi kafin azahar?"

"A'a."

"Gobe?"

"In na gama zan faɗa. Kuma ba zan sa hannu ba sai tagwaye sun shiga."

Oga ya dube ni.

"Wuni ɗaya ne," in ji ni.

"Ba ka ce ya taɓa tushe ba?"

"Tushen ba shi da zurfi."

Ta koma teburinta ta jawo aljihun nan har ƙarshe, ta jera gawawwakin duka a kan tebur, ta sa musu caji kamar marasa lafiya a ɗakin jinya. Ni na zauna na rushe shingena na sake ginawa. Ban kai la'asar ba na gama, wato gardamar da na yi a kansa ta fi gyaran tsawo.

Can da yamma muka ji wayar surukarta ta yi ƙara. Anti ta karanta, ta taso ta ajiye ta a gabana. Ta yi wa jariri rajista ne ta bar gurbin suna fayau, sai saƙon tuni ya zo wa uwa kamar haka: "A kawo akuya rigakafi gobe." Kason Sarkin Barci ke nan. A tunaninsa ba mai barin suna fayau sai Anti. Bai tuna cewa a asibitin haihuwa yawancin jarirai ana yi musu rajista ne tun ba a raɗa musu suna ba. Da aikin nan ya fita, da rabin matan garin sun samu labarin abin da suka haifa.

Tun da azahar dai Oga ya buga wa asibiti waya, muna jin sa ta gilashi. Ya ce za a ɗan jinkirta zuwa mako mai zuwa saboda ƙarin gwaji mai zurfi, wanda da shi aka san kamfaninmu tun kafuwarsa. Maganar ƙarshen wata ba a sake tayar da ita ba. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Teburin taga yana nan, ita ma tana nan. Sarkin Barci ya dawo ya tarar kowa na ce masa Mai Akuya, ya yi kwana biyu yana tambayar dalili.

Mun daina ajiye kaso. Yanzu ba ta samun komai a sama, don haka kullum a tushe take kwana, aikina kuma yana dawowa fiye da da, da rahotanni masu tsawo da ladabi. Ba ta ƙara zama shan shayi da mu ba. Tana gaisuwa, tana amsawa, iyakarta ke nan.

Bayan an miƙa aikin asibitin, wata rana kowa ya fita cin abinci, saura ni da ita. Ba ta juyo ba, ta yi magana tana kallon allonta.

"Malam Tsoho."

"Na'am, Anti."

"Manhajar makarantar nan ta bara, wadda na gano tana ba yaron da ya yi fashin jarrabawa na ɗaya a aji. Har gida na je na ba Babana labari, ya yi ta dariya. Kaso ne?"

Na so in amsa nan take, amma na san in na yi saurin amsawa ba za ta yarda ba. Na buɗe tsohon aikin, na bi shi layi-layi har na kai wurin, na juya mata kwamfutar ta gani da idonta.

"Ba kaso ba ne. Wautata ce zalla, ba wanda ya taya ni."

Ta karanta a hankali, ta koma sama ta sake karantawa.

"Madalla," in ji ta, ta juya ga aikinta.